Daga Gindin Rumbu Zuwa Gindin Mota

Duk wanda ya bi hanyar da ta rabu da babban titin Yamai a Tsarnawa, kusa da Birnin Kwanni, ta nufi Tawa, abin da zai fara cika masa ido a ƙauyuka shi ne rumbuna. Manya ne, na laka, masu faɗin ciki kamar tulu, kowanne da 'yar jinkarsa a ka, wasu har sun fi ɗakunan masu su tsawo. Baƙi kan tsaya su ɗauki hoton samansu. Gwanintar kuwa tana ƙasa, inda ido bai cika sauka ba. Kowane rumbu a kan duwatsu yake zaune, kuma in mutum ya durƙusa ya duba zai tarar duwatsun ba tsawonsu ɗaya ba. Na wajen gangare dogaye ne, wani wuri ma biyu aka ɗora; na wajen tudu gajeru ne, wasu an binne rabinsu. Ƙasar a karkace take, rumbun yana tsaye ƙyam.

Wannan dabara ta tsufa a Adar, kuma ba ta tsaya ga rumbu ba. Ita ce a ƙarƙashin gadon Ba'abziniya a Azawak, ita ce a hannun yaron mota da ke dirowa da waigi, ita ce kuma Turawan da suka riƙa ƙetaro Sahara da motocinsu masu ɗaki suka zo suka tarar. Mutumin Adar bai cika ɓata ƙarfinsa wajen baje ƙasa ba. Yakan bar ta yadda Allah ya yi ta, ya gyara zaman abin da zai ɗora a kanta. Masu riƙe da wannan sani su ne waɗanda tarihi bai cika kiran sunansu ba: magina, matan makiyaya, da yaran mota.

Ƙasar ce ta tilasta hakan. Adar Dutsi tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai, lulluɓe da marmara da baƙin dutse, waɗanda kwaruruka suka tsattsaga: kwarin Keita, na Badagishiri, da Magiya can kudu. Ruwan sama a Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, amma cikin 'yan watanni yake zuwa, da ƙarfi, ya gangaro daga fako ya ci gefen gona da gefen hanya. Arewa da Tawa, in aka wuce Tabalak da Abalak, dutse ya ja da baya, rairayi ya karɓa, har Cintabaradan da Tasara da Tiliya. A kudu ƙasa ta yi tauri, ba ta haƙuwa da sauƙi. A arewa ta yi laushi, ba ta riƙe nauyi.

Tun da Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci Adar a 1674, ƙasar take tsakanin masu ƙarfi: Agadas, Kabi, daga baya Sakkwato, ga Abzinawan Kel Geres da na Iwillimidan. Masanin tarihi Djibo Hamani ya bi diddigin wannan zamani a littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa, wanda ya fito a 1975. A ƙarni na 19 manoma da yawa sun riƙa ba shugabannin Abzinawa hatsi domin a bar su su zauna lafiya, ƙauyuka da dama kuma suka manne wa gindin duwatsu, inda mahayi ba ya isowa da sukuwa. Wurin da ya fi tsaro shi ne ya fi karkata. A irin waɗannan wurare aka gina rumbunan da za su riƙe hatsin shekara, da na masu karɓa, da ɗan abin da za a ɓoye saboda shekarar da damina ta ƙi.

Ginin rumbu aikin rani ne. Magini yakan zana da'ira a ƙasa, ya jera duwatsu a kewaye da tsakiya, ya gitta itatuwa masu ƙwari a kansu, sa'an nan a shimfiɗa laka. Ɗaga rumbun yana raba hatsi da danshi, yana rage wa gara da ɓera hanya, yana kuma barin ruwan damina ya wuce ta ƙarƙashi bai jiƙa gindin bango ba. Amma duk wannan banza ne in daɓen ya karkace. Bangon rumbu siriri ne, zobe-zobe ake ɗora shi, ana jira kowane zobe ya sha iska kafin a ƙara wani, kuma ɗan kuskuren da aka yi a gindi girma yake yi yayin da bango ke hawa. In aka cika shi da dammuna, nauyi ya taru a gefe guda, tsaga ta bayyana, damina ta shiga ta ƙarasa aikin. Shi ya sa tsohon magini kan daɗe a kan duwatsun nan fiye da yadda mai rumbu yake so, yana cire wannan, yana juya wancan, yana cusa ɓallin dutse a duk inda ya ga rata. Ba shi da ma'auni irin na maginan siminti. Ido ne, da igiya, da sanin cewa ruwa a ƙwarya kullum gefen da ya yi ƙasa yake bi.

Mai girki ma ta san wani ɓangare na lissafin. Murhu duwatsu uku ne, kuma abu mai ƙafa uku yana samun zama a kowace irin ƙasa, domin ukun duka sai sun taɓa. Da zarar ƙafafu sun zama huɗu, ɗaya takan rataya, abin ya riƙa rawa, ko ya murɗe kafin ya kai ta ƙasa. Daga nan wahalar gado da tebur da mota ta samo asali.

A arewa, inda gida ke tafiya a bayan raƙumi da jaki, aikin na mata ne. Wajen Abzinawan Azawak, Iwillimidan Kel Dinnik da maƙwabtansu, tanti na mace ne; da shi take zuwa gidan aure, da shi take tafiya in auren ya mutu. Fatun awaki da tumaki masu yawa ake jemewa da bagaruwa, a ɗinke su, a shafe da jar ƙasa da mai. Bafaranshen nan Edmond Bernus, wanda ya shafe shekaru yana bin waɗannan makiyaya, ya bayyana rayuwarsu a littafinsa na 1981 kan Abzinawan Nijar: da damina a nufi arewa wajen Ingal da Tigidda, inda ruwa da ƙasa ke da gishirin da dabba ke buƙata, da rani a dawo kudu bakin rijiyoyi. A tafiyar damina zango ba ya daɗewa. A sauke yau, bayan 'yan kwanaki a sake ɗaurewa.

Kowace sauka da zaɓen wuri take farawa. Ba a sauka cikin kwari ko da ya bushe ƙamas, domin ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa yana iya isowa cikin dare alhali ko ɗigo bai sauka a zangon ba. Ana neman ɗan tudun rairayi, a share ƙarangiya da ƙaya, a duba ramin kunama da gidan tururuwa. Sai a kafa gado, domin shi ne babban kayan tanti, a kewayensa ake tsara sauran. Gadon Ba'abziniya a warware yake tafiya: sassaƙaƙƙun itatuwa masu kauri da ke zama a ƙasa, dogayen sanduna da ake jerawa a kansu, da tabarmi. A rairayi mace ba ta neman dutsen da za ta ɗaga gefen da ya yi ƙasa, don dutsen ma babu shi. Gefen da ya yi sama take haƙewa da hannu, ta nutsar da ƙafar gadon har ta zo daidai da 'yar'uwarta. Manomin Keita ƙari yake yi a gangare, makiyayiyar Tasara ragi take yi a tudu.

Fulani Woɗaaɓe, waɗanda Marguerite Dupire ta rubuta littafi a kansu a 1962, sun fi kowa sauƙin kaya. Da rani sau da yawa ko rufi babu. Duk da haka abu biyu ba a wasa da zamansu: gado, da dandamalin da mace ke jera ƙorenta. Ana kafa kowace gwafa zurfin da zai sa kawunansu su zo ɗaya. Ƙwarya gindinta zagaye ne, in dandamali ya karkata nonon da aka tatsa da asuba ƙasa za ta sha.

Faransawa sun kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20, a garin da ya taso daga tsofaffin matsugunan Bilbis da Fakawa. Hanyoyin mota na farko da hannun talakawa aka yi su, aikin tilas, ana fasa dutse ana ɗaukar marmara a ka, har dokar 1946 ta haramta wannan aiki a ƙasashen da Faransa ke mulki. Hanyoyin ba kwalta, damina kan yanke su, rani kan binne su. Mota ta shigo ƙasar da ba ta san taya ba, dole ta buƙaci mutum na biyu kusa da direba.

Wannan mutum shi ne yaron mota, wanda ake kuma ce wa karen mota. Tsofaffin manyan motoci, Berliet da Mercedes masu gajeren hanci da irin waɗanda ake kira dogon baro, birkinsu ba abin dogaro ba ne in lodi ya wuce kima, kuma lodin kasuwar Lahadi ta Tawa, ko na albasar Galmi da Tamaske, bai cika tsayawa a kima ba. A hawan tudu, in mota ta gaza, direba kan ɗaga murya: "Kai yaro, waigi!" Yaron ya diro daga bodi, ya jefa gungumen nan mai kusurwa uku a bayan tayar baya kafin ta fara komowa, ya amsa: "Ya shiga, maigida!" In ya yi jinkiri ko ya kuskure, mota ta gangara da baya da mutanenta da buhunan hatsinta.

Canjin taya a irin wannan ƙasa yana da tsari, kuma ba mataki ɗaya a cikinsa da ba a koya ta hanyar asara ba. A fara neman wuri mafi daidaito, ko da za a ɗan ja mota a kan tayar da ta sace. A sa giya, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin da za su zauna a ƙasa gaba da baya. A sassauta notuna tun taya tana ƙasa, domin jijjiga sifana a kan motar da ke rataye yana iya zame ta daga jak. Shi kansa jak ba a ɗora shi a tsurar ƙasa: a rairayi nutsewa zai yi maimakon ya ɗaga mota, a kan tsakuwa kuma ya sulɓe. Katako mai kauri da faɗi ake shimfiɗa masa ya raba nauyin. In an ɗaga, ba a shiga ƙarƙashi sai an jera katakai ko an tura safaya a gindin shasi, saboda jak na mai yana iya saki ba sallama. Gogaggen yaro ya san abin tokarewa ma iri-iri ne. Marmara takan yi kyan gani ta ruguje da zarar nauyi ya sauka. Bulon siminti mai rami farat ɗaya yake fashewa. Katako kuwa kafin ya karye sai ya yi ƙara, wanda ke ƙasa ya samu damar mirginowa.

Kwana ma da nasa ilimi. Motar da aka tara wa lodi har sama, buhuna a ƙasa, tabarmi da jarkoki da fasinja a bisa, in aka ajiye ta a karkace da damina, ƙasar da ke ƙarƙashin tayoyin gefen gangare tana laushi cikin dare, karkatar tana ƙaruwa, har gari ya waye a same ta kwance. Tanka ta fi haɗari, domin abin da ke cikinta duk gefen da ya yi ƙasa yake komawa. Ko man inji ba ya aunuwa sai mota tana zaune daidai. Direba da yaronsa kuma a gindin motar suke shimfiɗa tabarma, su dafa shayi, su kwana, don haka zamanta maganar ransu ce. Abin takaici ne cewa wannan sani, da ya tsare rayuka masu yawa a hanyoyin Adar, ba shi da takarda, ba shi da daraja. Mai shi sau da yawa da abinci ake biyansa, da ɗan kuɗin kashewa, da alkawarin wata rana za a ba shi sitiyari.

Yuraniyom ne ya sauya hanyar arewa. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da ma'adini a Arlit a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara haƙa a Akuta a 1978. Kayan aikin ma'adinan daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka riƙa zuwa, jirgin ƙasa ya kawo su Paraku, manyan motoci su ɗauka daga nan. Garin yuraniyom kuma cikin durom-durom ya riƙa bin hanyar yana komawa teku. A zamanin Shugaba Seyni Kountché, ƙarshen shekarun 1970, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa ta Abalak da Agadas har Arlit, fiye da kilomita 600. Tawa ta zama zangon tireloli, bakanikai da masu faci suka yawaita a bakin titi.

Kwaltar ta jawo wasu baƙi da ba don su aka yi ta ba. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai, Jamusawa da Faransawa da 'yan Holan da Suwizalan, sun riƙa ƙetaro Sahara ta Aljeriya: Tamanraset, In Gezam, Asamaka, Arlit. Wasu tsofaffin Peugeot 404 da 504 suke kawowa su sayar su koma ta jirgi. Wasu kuma da gidansu suke tafe: Volkswagen Kombi, Land Rover mai tanti a rufi, Unimog da Hanomag da aka mayar ɗaki, da gado da murhun gas da tankin ruwa da firji a ciki. Daga Tamanraset zuwa Arlit kimanin kilomita 600 ne na rairayi da tsakuwa, kusan duka ba kwalta a lokacin, don haka kowa na ɗauke da shebur da dogayen farantan ƙarfe masu huji, irin waɗanda sojojin Amurka suka shimfiɗa filayen jirgin sama da su a Yaƙin Duniya na Biyu. Har tseren motocin nan na Dakar ya bi sahu, ya yada zango a Tawa a 1989 da 1990, bakanikansa suka kwana suna ɗaga motoci a jak a ƙarƙashin fitila.

Mai mota mai ɗaki kowane maraice sai ya yi aikin da Ba'abziniya ke yi wa gadonta. Ya ajiye ƙaramin ma'auni mai kumfar iska a daɓen motar, ya ga inda kumfar ta gudu. Gefen da ta nufa shi ne ya yi sama. A fako ya jera katakai a gaban tayoyin gefen da ya yi ƙasa, ya hau su a hankali, matarsa ko abokin tafiyarsa na tsaye yana yi masa alama da hannu. A rairayi ya haƙa rami a gaban tayoyin da suka yi sama ya gangara ciki. Hagu da dama ake fara gyarawa, sa'an nan gaba da baya, a ƙarshe a sa waigi. Ƙananan jak na kusurwa, a motocin da ke da su, aikinsu hana rawa ne kawai in ana kai-kawo a ciki; wanda ya ɗaga mota da su ya lanƙwasa su, ko ya murɗe shasi har ƙofa ta ƙi rufuwa. Motocin yau a Turai da Amurka suna da matakalar roba da taya ke hawa, manyan cikinsu kuma jak na mai ne da ke daidaita kansa in an danna maɓalli, amma tsarin aikin bai sauya ba.

Jin daɗin barci da gangarar ruwan wanke-wanke suna cikin dalilan wannan wahala, amma babban dalilin firji ne. Firjin waɗannan motoci ba irin na gida mai inji ba ne. Wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro shi a 1922, kamfanin Electrolux ya fara sayar da shi a 1925. Wuta ce ke sa shi sanyi: harshen gas ko na kananzir yana tafasa haɗin amoniya da ruwa, tururin ya hau, ya huce, ya gangaro ta cikin bututu masu ɗan karkata da aka auna. Ba famfo a ciki, nauyin ruwan ne kawai ke mayar da shi tukunya. In firjin ya karkace fiye da kimanin digiri 3 ya daɗe a haka yana aiki, ruwan ya kwanta a wani lungu, tukunyar ta yi zafi fiye da kima, bututu ya toshe, kuma in ya toshe ba ya buɗuwa.

Mutanen karkarar Adar sun san wannan firji ko da ba su taɓa leƙa motar Bature ba. Shi ne aka riƙa kaiwa ƙananan asibitocin ƙauye da ba su da lantarki, domin ajiye allurar rigakafi, wadda yawancinta ke son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Malamin asibiti a ƙauyen da ke nesa da Keita ko Buza dole ya iya gyaran lagwani, da share bututun hayaƙi, da cusa ɓallin katako a ƙarƙashin ƙafar firji har ya tsaya daidai a daɓen da bai daidaita ba. In ya yi sakaci da wannan, maganin rigakafin ƙyanda na yaran ƙauye guda ya lalace, a yi musu allura kuma ba ta tsare su ba. Yanzu firji mai aiki da hasken rana yana maye gurbinsa.

Babban yunƙurin gyara ita ƙasar kanta a Keita aka yi shi. A 1984, shekarar fari, aikin raya karkara na Keita ya fara, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO. Dubban mutane suka fito, mafi yawansu mata saboda maza sun tafi bida, wato ci-rani, suna jido duwatsu suna jerawa a fako domin tare ruwa, ana biyansu da abinci. Jerin dutse ba ya tare ruwa sai ya bi layin da bai hau ba bai sauka ba daga farko har ƙarshe. In ya karkata, ruwa ya taru a kusurwa ya fasa. Benedetta Rossi, a littafinta na 2015 kan Adar, ta nuna cewa da yawa daga cikin matan nan daga gidajen da suka fito daga bauta suke.

Kisan da aka yi wa Abzinawa a Cintabaradan a watan Mayu na 1990 da tawayensu da ya biyo baya, ga rikicin Aljeriya daga 1992, su suka tsinke zuwan motoci masu ɗaki. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 ta dawo da kaɗan, sai tawayen 2007 da sace ma'aikata bakwai a Arlit a Satumban 2010 suka ƙarasa rufe ƙofar. Tantin fata ma ya ragu tun farin 1973 da na 1984 da suka kashe garkuna. Tamfol da leda sun maye gurbinsa a zanguna da yawa, har da na 'yan gudun hijirar Mali da suka shigo yankin Tiliya da Tasara tun 2012. Gadon dai har yanzu mace ce ke kafa shi.

Hanyar yuraniyom kuwa ta tsufa. Nauyin tireloli na shekara arba'in ya cinye kwaltar a wurare da yawa. A yarjejeniyar 2014 kamfanin Areva na Faransa, mai haƙar yuraniyom, ya yi alkawarin yuro miliyan 90 domin gyaranta, amma gyaran bai kai ko'ina ba, COMINAK kuma ya rufe a watan Maris na 2021. A inda ramuka suka fi kwalta yawa, direbobi kan sauka daga titin su bi rairayin gefensa, kowa ya buɗe tasa hanya. A nan taya ke fashewa, sifirin ke karyewa, mota ke kafewa har gindi. Direban da zai tashi daga tashar Tawa zuwa Agadas yakan duba mai da ruwa da safaya, sa'an nan ya tambayi yaronsa ko katakai da shebur suna wurinsu. Wasu jak biyu suke ɗauka, domin a rairayi mai zurfi sai ɗaya ya ɗaga kafin a samu wurin cusa na biyu.